Tukunyar da Ba a Huda Ba

A kwarinmu na Travers, in kana son sanin darajar gida, kada ka ɓata lokacinka wajen ƙirga shanu. Ƙofar gidan za ka duba, ka ga tukwanen jan ƙarfe nawa aka jera aka shuka jan fure a ciki. Kowace tukunya da hudarta a gindi, kowace huda kuma shaida ce cewa hukuma ta taɓa dirar wa gidan, ta kama mai shi yana dafa giyar absint, ta ci shi tara, ta huda tukunyar don kada ta ƙara moruwa. Madam Zélie ta tsallaken gada tana da huɗu. Kawuna Numa Leuba, wanda ya tsufa a kan sana'ar, ko ɗaya ba shi da ita, kuma abin nan ya fi ciwon gwiwa cin ransa.

Tun kafin a haifi Kawu aka haramta giyar nan. A nan kwarin aka fara dafa ta da tazargade da wasu 'ya'yan tsiro masu ƙanshi da ake kira anis, daga nan ta bi duniya ta yi suna. Mutanen Paris suka sha suka yi tatul, suka dinga cewa wai suna ganin wata koriyar aljana a cikin kofi. Mu da muke dafawa ba mu taɓa ganin ko ɗan yatsanta ba. Sai wata rana wani lebura can wata jiha ya wuni yana ɗirkar ruwan inabi da barasa iri iri, ya haɗa da kofi biyu na tamu, ya koma gida ya kashe iyalinsa. Aka bar jaki aka koma dukan taiki. Aka manta da duk sauran abin da ya sha, aka ce tamu ce mai haukata mutane, masu gonakin inabi kuma suka fi kowa ɗaga murya, don dama ta hana su ciniki. Aka kaɗa ƙuri'a aka haramta. Kakanninmu suka ce to madalla, suka sauke tukwanensu ɗakin ƙarƙashin ƙasa, suka daina sa mata koren launi, suka raɗa mata suna Shuɗiya saboda ɗan shuɗin da take yi in ta ji ruwa, suka ci gaba daga inda suka tsaya.

Kawu Numa gajere ne mai faffaɗan kunnuwa, idonsa na dama a tsuke saboda shekarun da ya yi yana leƙen cikin agogo da ɗan gilashi a masana'antar garinmu. Da masana'antar ta rufe, idon ya ƙi buɗewa, ya zauna kamar mai ƙyafta wa mutane ido a kan wani sirri. Tukunyar ta kakansa ce, ya fi kula da ita a kan haƙoransa. Matarsa Inna Ginette, 'yar wani manomi ce daga kan tudu, mace mai ƙarancin magana da yawan girki, wadda ko ɗigon Shuɗiya bai taɓa shiga bakinta ba. Ba su haihu ba, ni suka ɗauka tamkar 'ya. Kawu kan yi alfahari da matarsa a gaban mutane, ya ce, "Ni fa daga babban gida na yi aure. Surukina an taɓa kama shi!" Ita kuwa sai ta tashi ta ce bari ta duba miya.

Shuɗiyar Kawu mai kyau ce, kada wani ya gaya maka ƙarya. In ka ɗiga mata ruwan sanyi a hankali sai ta rikiɗe ta yi fari kamar madara, ɗacinta ya tsaya daidai inda ya kamata. Likita na saye, mai shagon magani na saye, fasto ma yakan aiko a ce wai don baƙi ne. Amma hukuma ba ta taɓa ƙwanƙwasa masa ƙofa ba. An kama na hagunsa, an kama na damansa, an kama har Zélie da hayaƙinta ke fita ta bututun gidan kaji. Shi kuwa shiru kake ji.

Ni ke da ɗan shagon gahawa a bakin dandali, inda ake zuba Shuɗiya a kofin shayi don kare mutuncin doka. A nan Zélie take tsare shi kullum da hantsi.

"Numa, har yanzu baƙin ba su zo ba?"

"Waɗanne baƙi kuma?"

"Waɗanda ba sa zuwa sai gidan mai abin kirki mana."

"Ke dai ki ce ba ki iya ɓuya ba. Ni gwani ne, shi ya sa."

"Gwanin me? Ni fa na ji an ce sun taɓa shinshina taka, suka ce wannan ai ba laifi ba ne, maganin tsutsar ciki ne, a bar bawan Allah ya taimaki yara."

Sai shago ya ɗauki dariya, kunnuwan Kawu su yi jawur, ya biya kuɗinsa ya fita yana ƙunƙuni. Haka suka yi ta yi har Inna Ginette ta rasu, ya koma shi kaɗai daga shi sai tukunya.

Ana nan, wata rana rediyon shagona ya ce majalisa ta yanke shawara, daga ɗaya ga watan Maris na shekara mai zuwa an janye haramcin, kowa ya je ya nemi lasisi ya dafa abinsa a fili. Wasu suka yi tafi, wasu suka yi tsaki. Kawu ya ajiye kofinsa a hankali, ya dube ni da lafiyayyen idonsa.

"'Yar nan, me ya ce?"

"Ya ce an kusa daina kama mutane, Kawu."

"Wato haka zan mutu ke nan, mai gaskiya?"

Na yi dariya, amma shi ba wasa yake ba. Daga ranar ya ɗaura ɗamarar sai an kama shi kafin dokar ta mutu.

Abu na farko da ya yi shi ne buɗe tagogi. Kowa ya san ƙanshin anis ba ya ɓuya, shi ya sa ranar dahuwa ake toshe ko'ina da tsumma. Kawu ya wangale tagogi, ya wangale ƙofa, ya kawo fanka ya saita ta wajen ofishin 'yan sanda. Abin da ya manta shi ne al'adar kwarinmu: duk wanda ya ji ƙanshi na fita daga gidan maƙwabcinsa, ba sai an roƙe shi ba, zai ɗebi ruwan kashin shanu ya watsa a gonarsa don wari ya danne ƙanshin. Haka muka taso muka gani. Kafin azahar, manoma uku sun fito da taraktocinsu. Kawu ya ƙara wuta, su kuma suka ƙara taki. Washegari ya sake, aka samu ƙarin masu taimako daga ƙauyen gaba, suna cewa tsufa ya kama Numa, ya fara mantuwa, a rufa masa asiri. Mako guda garin nan ba ya shaƙuwa. An ɗaura aure a coci amarya na toshe da hanci, ni kuma ko burodi ɗaya ban sayar ba, don kowa ya ce ɗanɗanon garke yake ji. Na je na same shi na ce, "Kawu, ka rufe tagar nan ko ni in kama ka da kaina!"

Ya rufe, amma ya sake dabara. Ya cika baro da kwalabe, ko tsumma bai rufa musu ba, ya tura ya bi ta gaban ofishin 'yan sanda suna ƙara kacau kacau. Ɗan sandanmu ɗaya ne tak, Aurèle Grisel, dogo mai tumbi, wanda ya zo garin yana saurayi ga shi har ya kusa ritaya. Yana tsaye a ƙofa. Da ya hango baron sai ya sunkuya yana ɗaure igiyar takalmi. Kawu ya wuce, ya juyo, ya sake wucewa. Aurèle ya kwance igiyar ya sake ɗaurewa. A karo na uku Kawu ya tsaya cak a gabansa.

"Aurèle, ka makance ne?"

"A'a, Baba Numa, barka da rana! Kai da ke fama da gwiwa kake tura wannan kaya? Kawo in taya ka."

"Ka san me ke ciki?"

"Ruwan marmaro ne mana. Ga shi nan garau."

"Buɗe ka sha!"

"Haba Baba, ina bakin aiki."

Ya karɓe baron ya tura masa har ƙofar gida, ya sauke kwalaben ɗaya bayan ɗaya, ya sara masa ya tafi. Kawu ya zauna a dakali ya riƙe kai.

Da ya ga na gida ba zai yi ba, sai ya nemi na waje. Ya zo shagona ya ɗauki tarho, ya toshe hanci wai don ya sauya murya, ya kira masu binciken giya na babban birni. Kawu kuwa kunnensa ya yi nauyi, in zai yi magana a tarho sai ya ɗauka nisan garin ne nisan muryar. Duk shagon muna ji yana ihu: "Wani mai kishin ƙasa ne ke magana! Akwai wani tsohon mugu Numa Leuba, gida mai koriyar taga bayan coci! Ku zo ranar Talata da hantsi, yana gida!"

Ranar Talata ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya gangara bakin gari don ya tarbe su, kada su ɓata hanya. Yana ba da baya Zélie ta tara mutane. Na ce mata, "Madam, shi fa ya kira su da bakinsa." Ta ce, "Ko da ƙafarsa ya kira su. Tun da aka kafa kwarin nan ba a taɓa ganin baƙuwar mota an naɗe hannu ba." Gaskiya ta faɗa, amma na san har da baƙin cikin kada ya samu tasa tukunyar furen. Kafin ka ce kwabo, an kwance tukunya, an kwashe kwalabe, an wanke ɗaki da sabulu, an rataya wanki.

Kawu ya iso gaban wasu samari biyu masu jakunkuna, yana tafe yana musu bayani kamar mai nuna gidan haya. Ya buɗe ɗakin ƙasa da alfahari ya ce, "Bismillah!" Suka tarar da matar fasto tana shanya safa. Ya ɗaga buhu, ya leƙa bayan ƙofa, ya rantse da kabarin kakansa cewa ɗazu ɗazu tukunyar tana nan. Samarin suka dubi juna, ɗaya ya dafa kafaɗarsa ya tambaye shi ko akwai mai kula da shi a gida. Suka shiga mota suka tafi. Ta leƙo ta koma.

Bai san inda aka kai tukunyar ba sai da yamma, da ya bi ta tsallaken gada. Ga tukwanen Zélie a jere, sun zama biyar. Ta biyar ɗin tana ƙyalli, an cusa mata fure a baki, Zélie na tsaye da butar ban ruwa.

"Sannu Numa. Ka ga yadda fure ke yi mata kyau? Sai dai a ƙofata."

A kafaɗa ya ɗauko ta, furen na reto a kansa, har gida. Daga nan kuma wasan ya daina ba ni dariya. Hunturu ya shigo, dusar ƙanƙara ta rufe gari, Kawu ya daina dahuwa, ya rame, wandonsa ya koma sai da igiya. Tausayinsa ya kama ni sosai. Ni dai ban ga abin so a tara da huda ba, amma shi yana ganin duk rayuwarsa ta tafi ba wanda ya shaida ya yi wani abu.

Ranar ƙarshe ta watan Fabrairu, da la'asar, yana zaune a shagona Aurèle ya shigo yana karkaɗe ƙanƙara. Kawu ya miƙe ya cafki kwalarsa, da yake gajere ne sai da ya yi ɗage.

"Yau sai ka gaya mini. Tawa ba ta da kyau ne?"

"Baba, wace irin magana ce wannan? Ita nake sha tun ina da gashi."

"To me na yi maka? Ka kama Zélie sau huɗu! Ka kama mai dafa ruwan wanki! Ni me na rasa?"

Aurèle ya dube ni, ya dubi ƙofa, ya cire hularsa ya zauna. Ya ce, "Zauna Baba. Gobe dai dokar ta ƙare, ba sauran amfanin ɓoyo. Ka tuna zuwana garin nan? Ko gaisuwata ba a amsawa, mai burodi ma ƙonanne yake zaɓa mini. Mutum ɗaya ce ta kira ni ta zuba mini miya, Inna Ginette. Duk ranar Laraba, in ka tafi aiki."

"Miyata?"

"Taka. Har da cuku. Na ci ladan kuturu, Baba. Ta sa na rantse ba zan taɓa ka ba, in kuma na ji na birni za su zo in karkatar da su wani gidan."

Kawu ya ce, "Ginette? Ita da aka kama ubanta? Ita da ta fito daga babban gida?"

"Ka taɓa tambayarta yadda aka biya tarar?"

Zélie da ke kusurwa ta ajiye cokali. Aurèle ya ce, "Shanunsu aka sayar, duka. Ita ta kora su kasuwa tana yarinya, don uban ya kasa fitowa. Ya ƙare rayuwarsa yana tatsar shanun wasu. Ta ce mini duk tukunyar furen da ta gani a ƙofar gida, ƙarar ƙararrawar shanun nan take ji. Ta ce, 'Mijina yaro ne mai furfura, in na gaya masa zai ce tsoro nake ji, ya je ya jawo su da gangan. Ka tsare mini shi. Ranar da suka janye dokar, ka yi masa duk yadda yake so.'"

Kawu ya ture kofinsa gefe. Ya ce, "Ashe matar nan har daga kabari mulkina take yi." Ya so ya yi dariya, sai hawaye ya zubo, har ta tsukakken idon. Ni ma na shige bayan kanta na yi nawa.

Aurèle ya share hanci ya ce, "Gobe da safe ina zuwa. Ka shirya."

Washegari, ranar da dafa Shuɗiya ta zama halal kamar dafa dankali, aka yi kamun da kwarinmu bai taɓa ganin irinsa ba. Aurèle ya zo cikin kakinsa na biki wanda maɓallansa suka daina haɗuwa tun tuni. Gari ya fito kaf, har da masu busa ƙaho. Ya daki ƙofa da ƙarfi ya ce, "A buɗe da sunan doka!" Wani ya ce wace dokar, aka ce masa ya yi shiru. Kawu ya fito cikin rigar coci yana miƙa hannuwa, aka sa masa ankwa, ya ɗaga ta sama yana nuna wa Zélie. Samari suka fito da tukunya suka kife ta a kan ƙanƙara. Aurèle ya ɗora ƙatuwar ƙusa a gindinta, ya ɗaga guduma, masu ƙaho suka ja numfashi.

"Dakata," in ji Kawu.

Guduma ta tsaya a sama.

Ya matso da ankwarsa, ya shafa gindin tukunyar, sumul ba ko ƙwarzane. Ya ce, "Laraba nawa ta yi tana ciyar da wannan ƙaton don kada ƙusa ta taɓa nan? Ɗauke abinka, Aurèle."

Zélie ta ce, "Kai Numa! Wato a banza muka fito cikin sanyin nan?"

"Ke je ki ƙirga naki huɗun. Irin tawa ɗaya ce a kwarin nan."

Amma ankwar bai yarda an cire ba. Da ita aka zaga da shi dandali, da ita ya shigo shagona, inda a karon farko na zuba wa mutane Shuɗiya a kofin gilashi, ƙofa a buɗe. Kowa ya kurɓa ya yamutsa fuska, aka haɗu a kan cewa ɗanɗanonta ya ragu tun da safe.

Kawu bai nemi lasisi ba, bai kuma ƙara hura wuta ba. Ya ce abin da gwamnati ta yarda da shi ai ruwan famfo ne. Da bazara ta yi, ya fito da tukunyar ƙofar gida, ya cika ta da ƙasa, ya shuka jan fure. To amma tukunyar da ba huda, ina ruwa zai bi? Ruwan sama na farko ya cika ta fal, furen ya ruɓe. Ya sake shukawa, ya sake ruɓewa. Zélie ta zo har gida da ƙusa a hannu ta ce, "Don girman Allah ka bari a yi mata ko 'yar ƙarama ce, ba wanda zai gani." Ya kore ta da tsintsiya. Ya shiga kicin ya ɗauko ludayin miyar Inna Ginette, tun daga nan duk sanda aka ɗauke ruwa za ka gan shi durƙushe da gwiwarsa mai ciwo yana kwalfe tukunya. Kwarinmu kuwa ba ya rabo da ruwa.

Da ya rasu, gidan ya bar wa coci, ni kuma ya bar mini tukunya da ludayi. Na ce wannan gado ne ko horo? Tana nan ƙofar shagona. Baƙi masu zuwa yawon ganin garin Shuɗiya su tsaya su ɗauke ta hoto, su tambaye ni ko an taɓa ganin koriyar aljana a ciki, in ce musu kwaɗi dai na gani. Bayana ya fara ciwo, ɗana ya kawo injin huda har sau biyu, na ce ya mayar inda ya ɗauko. Jiya ma an wuni ana ruwa, sai da na fita da ludayin sau uku.